Su wa aka taɓa dawo wa da kundi saboda manazarta?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. Jiya malamin da ke duba kundina ya dawo mini da babi na uku, jan biro ya cika gefen shafi. Bai taɓa hujjojina ba, duk gyaran a kan madogara yake. Rabin bayanina daga bakin dattawa na samo shi, a zaure, kan tabarma. Na bi APA, wani tsarin rubuta madogara, wanda ya ce hirar da ka yi da kanka a cikin rubutu kawai ake ambatonta, ba ta shiga manazarta. Shi kuma ya ce bai yarda tsohon da ya ba ni awa uku na rayuwarsa ya ɓace daga ƙarshen kundi ba. Raina ya fi kwanciya da maganarsa. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Malamin Sakandare: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki ya yi gaskiya. An gina APA ne don fannoni irin nazarin halayyar ɗan'adam, inda shekarar bugu ta fi komai nauyi. Masu tarihi sun fi bin tsarin Chicago, mai sa tushen bayani a ƙasan shafi. Ni jadawali na yi daban kafin manazarta: sunan wanda na zanta da shi, shekarunsa, sana'arsa, garin da aka yi hirar, da ranar. Mai jarrabawa na waje a nan ya fara buɗewa. Ki nemi izinin kowa kafin ki sa sunansa. Wata tsohuwa ta ce mini kada in sa nata, sai na rubuta shekarunta da unguwarta kawai.

Ɗan Tudun Wada: Ni tawa ta fi ciwo, kuma laifina ne. Na yi mako biyu a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ina ɗaukar hoton takardun zamanin Turawa da waya. Cikin zumuɗi ban ɗauki bangon fayil ba, alhali a nan lamba take, irin su SNP ko KanoProf da lambobin da ke biye. Da na zo rubutu, ga wasiƙar Razdan a gabana, ban san daga wane fayil ta fito ba. Sai da na sake biyan kuɗin mota na koma, ina buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, ƙura na shiga hanci. Biyu daga ciki ban sake gano su ba, dole na cire su daga aikin, kuma a kansu na so in kafa babi guda.

Ɗalibar Tarihi: Subhanallahi. Yaya, yau zan duba wayata.

Almajiri daga Damagaram: Gaisuwa gare ku. Mu a nan tsarin Faransa muka taso a kai, da *op. cit.* da *ibid.*, gajerun kalmomin nuni ga madogarar da aka riga aka ambata, amma ba wannan ne ya wahalar da ni ba. Waƙoƙin ajami na yi aiki a kansu, wasu a sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, wasu a gidajen malamai. Takarda ba lambar shafi, ba maɗaba'a, an naɗe ta cikin gafaka. Sau da yawa sunan da ke ƙarshe na wanda ya kwafa ne, ba na mawallafi ba, kuma na taɓa ruɗa su har wani malami ya ankarar da ni. Shekara kuwa sai ka warware ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi, a baitin ƙarshe, ka samu ta Hijira. Ita ma galibi tana ratsa shekaru biyu na Miladiyya: 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu, ta fara a 1816 ta ƙare a 1817. Don haka nakan rubuta ta Hijira da ta Miladiyya duka, in faɗi wanda takardar ke hannunsa, in ƙirga warƙoƙi da kaina.

Hajiya Mai Adabi: Ba wanda ya taɓo sunaye. Tsarin Turawa yana son sunan iyali a gaba, mu kuwa na ƙarshenmu sau tari sunan uba ne ko na gari. Sai ka ga marubuta uku da ba su haɗa komai ba sun jeru ƙarƙashin Gusau ko Zariya. Dole na riƙa cika sunayensu maimakon haruffan farko. Sannan ƙugiya: mai buga mini aiki ya mayar da Ɗ zuwa D, ƙ zuwa k, a shafi sama da ɗari, ana gobe ɗaurin kundi. Na kwana ina gyarawa. Ɗiyata, ki karanta manazartarki da idonki bayan an buga, ko da da manhajar tsara madogara ta Zotero kika tsara ta.

Ɗalibar Tarihi: Na gode, Hajiya, Allah ya saka muku duka. Zan yi jadawalin, in kai wa malamina ranar Litinin. Saura abu ɗaya: dattijo ɗaya ya rasu bayan hirarmu. In sa "marigayi" gaban sunansa, ko in bar shi yadda yake ranar da muka zauna?