Neman shawara: yarona ya kalli fim ɗin Kyaftin Nemo, yanzu ya ce shi ne Nemo

Maman Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Hutun nan da ya wuce ƙanina ya zo mana kwana biyu, shi kuma mutum ne mai son tsofaffin finafinan Turawa, sai ya bar wa yarana wani a filashi, 20,000 Leagues Under the Sea, ya ce na Disney ne na 1954 babu abin banza a ciki. Ni da na ji Disney na ɗauka katun ne, ashe mutane ne sosai, ga tsawo sama da awa biyu. Ban zauna na kalla da su ba gaskiya, ina kicin ina leƙowa, abin da na tsinta dai shi ne wani Kyaftin Nemo mai gemu yana da jirgi mai tafiya a ƙarƙashin teku sunansa Nautilus, yana bin jiragen ruwa yana huda su suna nutsewa da mutanen ciki, wai don an kashe masa mata da ɗa.

To babban nawa shekararsa 12, wallahi ya kalli fim ɗin nan ya fi sau shida. Ya samo gorar ruwa ya manna mata kwali a baya kamar ƙayar kifi, ya soka ƙusa a murfin, kullum yana bakin baho, ƙanwarsa ta naɗa jirgin takarda shi kuma ya zo ta ƙasa ya huda, ta yi ta kuka. Da farko dariya nake. Jiya kuma ina jera kwanuka na ji yana gaya wa ƙaninsa wai akwai wani yaro a ajinsu da zai yi wa irin na Nemo, ba zai yi magana ba, ta ƙasa zai zo masa. Da na tsare shi sai ya ce min "Umma ai Nemo ba mugu ba ne, su suka fara." Na rasa me zan ce masa. Babansu yana tafiya sai ƙarshen wata. In goge fim ɗin ne, ko yaya zan yi? Kuma yana ta damuna in sayo masa littafin, wai kawunsa ya ce daga littafi aka ɗauko.

Abban Biyu:
Wa alaikumussalam. Hajiya goge shi kawai a huta. Yaro ai abin da ya gani shi yake ɗauka, kuma ni na san fim ɗin, ko ba maganar Nemo ba akwai wurin da Ned Land, matuƙin nan da Nemo ya tsare a jirginsa, ya bugu yana waƙa da wata dabbar ruwa, ga farkon fim ɗin ma da mata biyu ya fito yana riƙe da su. Finafinan Disney ɗin nan ba kowanne ne na yara ba. Ki haɗa shi da karatu ya manta.

Anti Mai Atamfa:
Hhh ni gorar da ƙusa ce ta ba ni dariya, yaron nan injiniya ne wallahi. Amma ƙanwata ki bar batun fim tukunna, wane ne yaron ajin nasu, me ya yi masa? Ki kula da maganarsa fa, cewa ya yi "su suka fara". Yaro ba ya faɗin haka a banza. Ki kira shi ku biyu ba a gaban ƙannensa ba, kada ki ɗaga murya, ki ba shi wake ya tsince miki kuna hira. Nawa ma sai hannunsu na aiki bakinsu ke buɗewa.

Tsohon Ɗan Kallo:
'Yata, ni na girme wa yawancinku a nan kuma fim ɗin nan na kalle shi ban san adadi ba, don haka bari in ɗan yi tsawo. Malam Abban Biyu ban ƙi taka ba, wuraren da ka faɗa suna nan, amma gogewa ba za ta cire abin daga kan yaron da ya kalla sau shida ba, ya riga ya haddace. Abin da ya rage shi ne a nuna masa abin da idonsa ya tsallake, kuma a cikin fim ɗin yake.

Yaronki ya ɗauki rabin Nemo ne. Gaskiya ne an zalunce shi, fim ɗin ya nuna tsibirin da aka taɓa tsare shi, Rura Penthe, inda fursunoni ke dakon kayan haɗa albarushi ana bulale su kamar jakai, kuma ya gaya wa Farfesa Aronnax, masanin da ya tsare a jirginsa tare da Ned, cewa azabtar da matarsa da ɗansa aka yi har suka mutu don ya ƙi ba da sirrin iliminsa. To amma ki zauna da shi ki kai fim ɗin daidai wurin da Nemo zai nutsar da jirgin da ya ɗauko kayan daga tsibirin. Kafin ya kai harin yana zaune yana buga wannan ƙaton abin kiɗan nasa mai bututu, ki tsayar da hoton a kan fuskarsa, gumi ne ke zuba, idanu a waje, mutumin da ke cikin azaba ne ba mai murna ba. James Mason ne ya fito a Nemo kuma a wurin nan ya gwada gwaninta. Sai ki tambayi yaron: matuƙan da ke cikin jirgin can da suka nutse, su ne suka kashe masa ɗa? Su ba su da 'ya'ya a gida? Kada ki ba shi amsa, ki bar shi ya juya ta. Shi kansa Ned Land, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayinsa, abin da ya tayar masa da hankali ke nan, don matuƙa ne irinsa aka kashe yana kallo.

Sannan ki kai shi ƙarshe. Me Nemo ya samu? An harbe shi, ya tarwatsa tsibirinsa Vulcania da duk ilimin da ya tara a ciki, ya ja jirgin zuwa ƙasan teku da mutanensa duka. Kuma wanda ya cece shi daga bakin dodon ruwan nan mai hannaye goma ai Ned ne, mutumin da ya tsare a jirginsa kamar fursuna. In yaron jarumi yake nema a fim ɗin, ga wanda ya faɗa cikin hadari da mashi ya ceto wanda ba ya ƙauna.

Af, tunda na ambaci dodon, ki gaya masa wannan zai so shi. Sau biyu aka ɗauki faɗan. Na farko da yamma aka shirya shi teku a kwance, sai duk wayoyin da ke jan hannayen dodon suka fito fili abin ya zama abin dariya, dole aka sake shi cikin duhu da ruwan sama da iska don a ɓoye su. Fim ɗin ya ci Oscar biyu, ɗaya na irin waɗannan dabarun ne ɗaya na tsara wuri. Lokacin babu kwamfutar da za ta zana maka, da hannu aka ƙera komai, na ƙarƙashin ruwan kuma a Bahamas aka nutsa da kyamara aka ɗauka.

Abban Biyu:
Baba na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma fa ba kowace uwa ke da awa biyu ta zauna tana tsayar da fim ba. Ni dai ina nan kan bakata, ko za a yi haka to a yi sau ɗaya a ɗauke filashin.

Malamin Kimiyya:
Maman yara, ni ta ɓangaren gorar zan shigo. Yaron da ya kalli fim ya tashi ya ƙera abu da hannunsa kada a kashe masa wannan, juya shi za a yi. Ki ce masa huda jirgin takarda ai kowa ma zai iya, in ya isa ya sa gorar ta nutse ta kuma taso da kanta. A nan zai gane yadda jirgin yake aiki da gaske: tankuna ne a jikinsa, a cika su da ruwa ya yi nauyi ya nutse, a tura iska ta kori ruwan ya taso. Gora da siririn tiyo da 'yan tsakuwa sun isa, ya huda ƙasanta, in ya hura iska ta tiyon zai ga ta ɗago. Sati guda zai yi yana fama da shi ya manta da jirgin ƙanwarsa.

Ki kuma yi masa wannan tambayar, manya ma suna faɗuwa. Dubu ashirin ɗin nan na sunan fim ɗin zurfi ne ko nisa? Yawanci cewa ake zurfi. A'a, nisan tafiyar da suka yi ne a ƙarƙashin ruwa. Ma'aunin da marubucin ya yi amfani da shi kowane ɗaya kilomita 4 ne, ka ga kilomita 80,000 ke nan, kamar a zagaye duniya sau biyu. Wuri mafi zurfi a teku kuwa, ramin Mariana, kusan kilomita 11 ne kacal. A littafin da lantarki jirgin ke tafiya, a fim ɗin ne suka karkata shi ya yi kama da nukiliya, don zamanin ke nan, a Janairun 1954 Amurka ta saka jirginta na farko mai nutso da ke aiki da nukiliya a ruwa, sunansa Nautilus shi ma, fim ɗin kuma ya fito a Disamba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Game da littafin, ni da Faransanci na karanta shi muna lakwal, a wajenmu Jules Verne sananne ne. Bafaranshe ne, an haife shi a Nantes a 1828 ya rasu a 1905, labarin kuma kashi-kashi ya riƙa fitowa a mujalla daga 1869 zuwa 1870. Hajiya in za ki saya ki nemi wanda aka taƙaita don yara, cikakken yana da shafuka da ba komai sai jerin sunayen kifaye, ni kaina tsallakewa na riƙa yi. Amma akwai abin da fim ɗin bai ɗauko ba masu daɗi, sun bi ta Bahar Maliya sun ratsa wani rami a ƙarƙashin Suwez, sun je ƙarshen duniya na kudu ƙanƙara ta rufe su har numfashi ya kusa ƙare musu. Ƙarshen ma daban ne, wani mahaukacin ruwa mai juyawa ne ya ja jirgin a gaɓar Norway, ba a faɗi ko Nemo ya mutu ba.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan na Baba. A littafin farko ba a faɗi ƙasar Nemo ba, sunan ma da Latin "ba kowa" yake nufi. Sai a wani littafin da ya biyo baya Verne ya bayyana cewa ɗan sarki ne daga Indiya, Dakkar, wanda ya rasa iyalinsa a boren 1857 da aka yi wa Turawan Ingila. To kin ga mutum ne da mulkin mallaka ya ƙona. Shi ya sa wuri ɗaya a fim ɗin yake ba ni haushi, inda jirgin ya maƙale kusa da New Guinea aka fito da baƙaƙen mutane a matsayin masu cin naman mutane, ga ƙoƙunan kai a kan sanduna, suka hau jirgin aka sakar musu lantarki suna tsalle-tsalle, an shirya shi don a yi dariya. Fim ɗin da ke kukan zalunci shi ne kuma ya mai da masu irin fatarmu abin wasa. Ni wannan ya fi giyar Ned damuna, don yaro zai yi dariya bai san da wa ake ba. In kun zo wurin ki tambaye shi su wa suka yi kama da mutanen nan, kuma wa ya riƙe kyamarar.

Anti Mai Atamfa:
Duk kun yi bayani mai kyau amma har yanzu ba wanda ya san me yaron ajin ya yi. Ƙanwata ki fara da can dan Allah, fim ba ya gudu.

Maman Yara Uku:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Anti kin yi gaskiya. Daren jiya na ba shi tsintar shinkafa, da ƙyar da jan hankali ya faɗa min, ashe tun zangon da ya wuce wani yaro da ya girme shi yake karɓe masa kuɗin tara, ya ce in ya faɗa wa malami sai ya tare shi a hanya. Wallahi ina ba shi kuɗi kullum ashe da yunwa yake dawowa, ni kuma ina ta yi masa faɗan yana cin abinci kamar wanda aka kora. Ƙusar ma ashe ba ta gora kaɗai ba ce, akwai wata a jakarsa, wai tayar keken yaron zai sace wa iska. Na karɓe. Na kira babansu, ya ce ran Litinin in je makarantar da kawunsu tunda shi ya kawo fim ɗin.

Baba yau da rana mun kalli wurin da ka ce, na tsayar a kan fuskar. Da na tambaye shi mutanen jirgin can fa, shiru ya yi, can ya ce "to ai su ma sun san me suka ɗauko." Ban ja da shi ba kamar yadda ka ce. Ba mu kai wurin New Guinea ba aka ɗauke wuta. Abban Biyu filashin yana cikin jakata yanzu, sai ina zaune za a kalla. Malam shi kuma tiyon, irin na ƙarin ruwa na kemis zai yi ko sai mai kauri? Don ya riga ya huda min gora biyu tun safe.