Neman kalmar Hausa: me za mu kira "corral" a gudun fanfalaki?

1/ Jama'a, wata kalma ce ta tsaya min a rai, nake so mu warware ta tare. Mako tara ke nan ni da ƙanwata muna atisaye saboda wani tsere na kilomita 21 da 'yan kai. Ita wannan ne karonta na farko. Jiya masu shirya tseren suka aiko mata da shaidar rajista, a ƙarƙashin lambarta an rubuta "Corral D". Ta kira ni muryarta a sanyaye: "Yaya, wannan D ɗin fa? Tun ba a fara ba har an yanke min hukunci?" Na buɗe baki zan kwantar mata da hankali, sai na ga bayani ina da shi, sunan abin ne ba ni da shi a harshenmu.

2/ Sunan tseren kansa ba shi da gardama sosai. Gudun fanfalaki muka saba ji, wasu kuma su ce gudun yada ƙanin wani. Cikakkensa kilomita 42.195 ne, tsawon da aka gudu a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ma'auni a 1921. Rabinsa kilomita 21.0975. Ni "rabin fanfalaki" nake cewa, ya fi sauƙi a baki. Sai dai kada kalmar rabi ta yaudari kowa. Wanda ya taɓa kaiwa kilomita ta 18 ya san ƙafa ba ta jin lissafin rabi da kwata.

3/ To mene ne shi wannan abin da muke nema wa suna? Ɗauki tseren Great North Run na Ingila, wanda ake tashi daga Newcastle a ƙare a South Shields. An fara shi a 1981 da mutum wajen 12,000, yanzu masu rajista suna kai kimanin 60,000. Babu titin da zai ɗauki wannan jama'a kafaɗa da kafaɗa. Saboda haka sai a datsa titin da ke bayan layin tashi gida-gida da shingayen ƙarfe ko igiya, kowane gida da harafinsa ko launinsa, a sa masu sauri a gaba, masu bi musu a baya, har zuwa kan masu haɗa gudu da tafiya. Kowane ɗaya daga cikin gidajen nan shi ne "corral". Harafinsa ko launinsa yana jikin lambar da kake maƙalawa a ƙirji, kuma akwai ma'aikata a bakin ƙofa masu dubawa kafin su bar ka ka shiga.

4/ Yadda ake rabon shi ne abin da ya kamata kalmarmu ta ɗauko. Lokacin rajista za a tambaye ka: a awa nawa kake sa ran gamawa? Da amsarka ake yanke inda za ka tsaya. Manyan tseruka kan nemi hujja daga masu son gaba, wato sakamakon wani tsere da aka auna hanyarsa a hukumance. A fanfalakin Boston na Amurka, wanda ake yi tun 1897, lambar ƙirjin yawancin masu gudu tana bin lokacin da suka cancanta da shi ne, mai ƙaramar lamba ya fi sauri. Ka ga ba a duba shekarunka ko muƙaminka. Sauri kawai ake dubawa, don a haɗa ka da masu taku irin naka.

5/ Ita kalmar "corral" ma Ingilishi aro ya yi daga Sifaniyanci, inda take nufin shingen da ake tara shanu ko dawaki. Amurkawa ne suka fi amfani da ita. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne wasu harsunan ba su bi ta ba, kowa ya duba gidansa. Faransawa suna cewa "sas", ɗan ɗakin da ke tsakanin ƙofa biyu wanda ake ratsawa kafin a shiga wuri. Su kansu Sifaniyawa da aka ari kalmar a wurinsu "cajón" suke cewa, wato akwati ko aljihun tebur. Tunda masu kalmar ma sun ajiye ta a fagen tsere, ban ga abin da zai tilasta mana fassara shingen shanu ba.

6/ Wannan ya sa na fara cire garke. Shi ne ya fi zuwa baki da wuri, amma ya fi karkata ga dabbobin su kansu, kuma ba zan iya duban ƙanwata na ce mata tana garke na huɗu ba. Shinge kuma sunan abin da aka datsa wurin da shi ne, ba sunan wurin ba. Kewaye ya yi daidai da siffar abin, sai dai duk Bahaushe ya san inda mutum ya nufa in ya ce zai kewaya. A safiyar tsere kuwa layin banɗaki ya fi kowane layi tsawo, allo mai ɗauke da wannan kalma zai kai mutane inda ba nan suka nufa ba.

7/ Rukuni ya yi kusa, amma mutane yake nufi. Ana iya cewa "shiga rukuninka", ba a cewa "an rufe ƙofar rukuni". Muna bukatar sunan wuri, mai ƙofa, wanda ake buɗewa a kuma rufe 'yan mintoci kafin tashi.

8/ Sahu ne ya fi ba ni wahalar rabuwa da shi. Wani dattijo da muke haɗuwa wajen atisaye ya ce min, "Ɗana, ai sahu ne, me kake wahalar da kanka?" Kalma ce mai daɗi, kowa ya san ta, kuma tana nuna jeri, na gaba da na baya. Na ce masa, "Baba, matsalar tana nan cikin daɗin nata." A kunnenmu sahun gaba daraja ce. In an ce wane yana sahun gaba, yabo ne. In an ce an bar shi a sahun baya, an rage masa ƙima. Duk wanda ya ji "sahu na huɗu" zuciyarsa za ta raya masa ya matsa gaba, kuma wannan raɗar ita ce babbar cutar safiyar tsere.

Na ɗanɗana ta da kaina. A tserena na farko na rubuta awa 1 da minti 45, alhali atisayena bai taɓa nuna min haka ba. Abin da lokacin nan yake nufi shi ne kusan minti 5 a kowace kilomita, ashirin da ɗaya a jere. Ni kuwa mai minti 6 ne a lokacin. Da aka tashi, jama'ar da ke kewaye da ni suka ɗebe ni kamar ruwa ya ɗebi kara. Ba ka jin kana sauri, domin kowa haka yake tafiya. Na gudu kilomita biyar na farko da ƙarfin da ya kamata na ɓoye wa biyar na ƙarshe. Daga kilomita ta 14 numfashi ya ƙi, cinyoyi suka yi nauyi, na koma tafiya. Abin da ya fi damuna har yau ba gajiyar ba ce. Kafin na kai nan, da na fara sanyi tun a ƙunƙuntar hanya, mutane sun riƙa kauce min ta dama da hagu, har wata baiwar Allah ta yi tuntuɓe da diddigena saura kaɗan ta faɗi. Watanni ta yi tana shiri, ni kuma na tsaya a wurin da ba nawa ba.

9/ Zaure na so shi, domin shi ne ɗan'uwan "sas" na Faransawa: wurin da ake dakatawa kafin a wuce. Amma zaure na shiga ne, namu kuwa na fita ne, ga shi a fili babu rufi. Zango ya fi shi kusa, wurin da matafiya ke taruwa su tashi. Inda ya faɗi shi ne mun riga mun ba shi wani aiki a fagen nan. Muna cewa gudun dogon zango, kuma wanda ya ji "zango na uku" zai zaci kashi na uku na hanyar ake nufi.

10/ Shawarata ita ce GURBI. Gurbin tashi, jam'i guraben tashi.

Dalilina: gurbi wuri ne da aka ware wa wanda ya dace da shi. Muna cewa ya samu gurbin karatu, an cike gurbin wane, kowa ya koma gurbinsa. Babu gaba ko baya a cikinta, babu yabo, babu kushe. Abu ya shiga gurbinsa, ma'ana ya zauna daram. Kuma tana tafiya da duk maganar da mai gudu zai yi: wane gurbi aka ba ka, ina Gurbin D, an rufe gurbinmu, ina so a sauya min gurbi.

Na san abin da za a ce: gurbi na mutum ɗaya ne, wannan kuwa yana ɗaukar ɗaruruwa ko dubbai. Gaskiya ne, kuma shi ne raunin kalmar. Amma mai gudu ba ƙidayar jama'a ta kawo shi ba. Tambayarsa ɗaya ce, ni ina ne wurina? Gurbi tana amsa wannan fiye da duk sauran.

11/ Akwai wata kalmar da ake yawan gwamutsa ta da wannan, "wave". A manyan tseruka ba a sakin kowa lokaci guda. Ana haɗa gurabe kaɗan a sake su, a dakata wasu mintoci titi ya sarara, sannan a saki na gaba. Wannan kam ba mu sha wahala ba: ayari. Ayarin farko, ayari na biyu. Gurbi wuri ne, ayari tawagar da ke tashi lokaci ɗaya. Sai ka ji an ce, "Ina ayari na biyu, Gurbin D."

12/ Abin da ya kwantar wa ƙanwata da hankali kuwa shi ne maganar agogo. Tsoronta shi ne in tana baya, mintocin da za ta ɓata kafin ta iso layin tashi za a lissafa mata su. A bayan lambar ƙirji akwai 'yar na'ura siririya kamar takarda, a kan layin tashi kuma akwai shimfiɗa mai karanta ta. Na ce mata, agogonki ba ya fara bugawa sai ƙafarki ta taka shimfiɗar. Don haka lokaci biyu ake fitarwa. Ɗaya daga harbin bindigar tashi, na kira shi lokacin bindiga, kuma da shi ake tantance zakarun tsere, irin su Letesenbet Gidey ta Habasha da ta gama rabin fanfalaki a awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a Balensiya ta Sifaniya a 2021. Ɗayan daga taka layin tashi zuwa taka layin ƙarshe, na kira shi lokacin ƙafa. Mu da ba kofi muke nema ba, lokacin ƙafa shi ne namu, kuma tsayuwa a baya ba ta ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya.

13/ Ga mai cike fom yana tunanin lokacin da zai rubuta: kada ka rubuta burinka, rubuta abin da ƙafarka ta riga ta nuna. Gudu kilomita 10 da iya ƙarfinka makonni kaɗan kafin nan, ka ninka lokacin sau 2.2. Wannan ya samo asali ne daga lissafin da wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya wallafa a 1977. Mai yin kilomita 10 a minti 55 zai faɗa wajen awa 2 da minti 1, mai yin ta a awa guda kuma wajen awa 2 da minti 12. Lissafin yana ɗauka cewa ka yi dogayen gudu na mako-mako yadda ya kamata. In dogon gudunka bai taɓa haura kilomita 15 ko 16 ba, ƙara wa kanka mintoci, kada ka ji nauyi.

Ƙa'idar da ta fi yawa a tseruka ita ce kana iya komawa gurbin baya, misali don ka raka wani, amma ba ka tsallakawa na gaba sai da izini, wasu ma kan soke sakamakon wanda aka kama. In atisayenka ya ci gaba sosai bayan rajista, nemi sauyi tun da wuri da hujjarka a hannu, ba ranar tsere a bakin shinge ba. Kuma ka iso da sauran lokaci. Wanda ya tarar an rufe gurbinsa, galibi baya ake tura shi.

14/ Saura guda da ban rufe ba. A cikin gurabe za ka ga wasu ɗauke da tuta ko balan-balan an rubuta 2:00 ko 2:15, wato awa 2 ko awa 2 da minti 15. Aikinsu su riƙe taku ɗaya tun daga farko har ƙarshe, mai son gamawa a wannan lokacin ya bi su. Tunda mun ce ayari, madugu ne ya fara zo min, sai dai ayari ɗaya kan ƙunshi irinsu da yawa, kowa da lokacinsa. Jagoran taku nake cewa a yanzu. Ƙanwata ta ce za ta bi mai tutar 2:30, wato minti 7 da daƙiƙa 7 a kilomita, ni kuma na riga na rubuta wa masu tseren su mayar da ni Gurbin D mu tashi tare. Wanda yake da kalmar da ta fi jagoran taku ya kawo ta kafin nan da mako uku, ina so na koya mata sunayen duka kafin ranar.