Jujjuya sanda: wasa ne na gasa ko ado ne na fareti?

Malama Hadiza: Jama'a, masu wasan jujjuya sanda sun daɗe suna neman a ɗauke su 'yan wasa na haƙiƙa, har suna fatan shiga Olamfik. Wasu na cewa rawa ce kawai aka yi mata kwalliya. Ni dai ina ganin an tauye musu haƙƙi.

Sani: Malama, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Abin da muka sani shi ne wanda ke gaban 'yan badujala ranar 1 ga Oktoba ko 27 ga Mayu, yana wurga sanda yana caɓewa. Yana burge mutane, amma ado ne na fareti. Ya za a haɗa shi da mai gudun mita 400?

Malama Hadiza: Asalinsa daga fareti ne, ban musa ba, amma na gasa ya yi nisa da wannan. Sandar siririn ƙarfe ce, tsawonta kusan na hannun mai wasan, da roba a kowane baki. Zai cilla ta can sama, ya jujjuya a kan ƙafa ɗaya ko ya yi alkafura, sannan ya caɓe ta ta bayansa ba tare da ya kalle ta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mirgina ta: sandar na bin wuya da kafaɗa da gwiwar hannu, yatsa ko ɗaya bai riƙe ta ba. Akwai masu wasa da sanda uku a lokaci guda. Ta faɗi ƙasa, an rage maka maki. Tun 1980 ake gasar duniya, a Seattle ta Amurka aka fara, kuma Japan ta shahara wajen kwashe lambobin zinare, maza da mata.

Alhaji Bala: 'Yata, wahalar abu ba ita ce hujja ba. Ƙwallo in ta shiga raga kowa ya gani, mai gudu kuma agogo ne shaidarsa. Nan fa alƙalai ne ke zaune suna ba da maki yadda ransu ya so. Ku tuna abin da ya faru a gasar Olamfik ta hunturu a Salt Lake ta Amurka a 2002, a wasan zamiya kan ƙanƙara. Zargin murɗiya ya sa aka ba 'yan Kanada zinare bayan an riga an ba 'yan Rasha.

Malama Hadiza: Baba, in haka ne sai a kori dambe na zamani da wasan alkafura cikin ruwa, duk alƙalai ke yanke su. Bayan rikicin 2002 tsarin ba da maki aka sauya, ba a kori wasan ba. Kuma tun 1984 akwai wasan motsa jiki na mata a Olamfik, wanda ake yi da kiɗa, ana cilla ƙwallo da kewayen roba da 'yan kulake. Me ya raba shi da wannan?

Umar: Ni ina bayan Malama, amma laifin ba na masu raina wasan ba ne kaɗai. Shekara da shekaru ƙungiyoyin duniya biyu ke jan ragamarsa, WBTF da aka kafa a 1977 da kuma WFNBTA, kowacce da dokokinta da zakarunta. Kwamitin Olamfik kuwa hukuma ɗaya yake amincewa da ita a kowane wasa. Sai daga baya suka haɗu a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna IBTF, suka yi gasar duniya tare a Liverpool a 2023. Ko an amince da su ma da sauran tafiya. Hukumar masu rawar ƙarfafa gwiwar 'yan wasa ta samu cikakkiyar amincewa a 2021, amma har yanzu ba su taka filin Olamfik ba.

Sani: To Yaya Umar, ka kawo ni inda nake so. Na yarda akwai horo da gumi a ciki. Amma ƙasashe nawa ke yinsa da gaske? Japan, Amurka, Kanada, Faransa, Italiya, sai 'yan tsiraru. A nahiyarmu in ka cire Afirka ta Kudu, inda 'yan matan makarantu ke gasar fareti da sanda, wa za ka nuna?

Malama Hadiza: Ai rashin amincewar ce ke hana shi yaɗuwa, Sani. Ma'aikatar wasanni ba ta sa kuɗi a abin da ba a lissafa shi wasa ba, iyaye ne ke biyan mai horarwa da kuɗin jirgi. Wasannin ƙanƙara ma ƙasashe kaɗan ke yi, ba wanda ya ce su ba wasa ba ne.

Alhaji Bala: Ni a nuna min takardar makin. In cilla sanda da caɓe ta ne ke da rinjaye, zan bi ki. In kuwa kiɗa da iya taka rawa na iya ɗaga wanda sandarsa ta faɗi a kan wanda tasa ba ta faɗi ba, ina nan kan bakata.