Masu kiwon kaji dan Allah ku taimaka min

Salam 'yan uwa, daga wani ƙauye nake kusa da Gumel, ina kiwon Araucana, kajin nan 'yan asalin Chile marasa bindi masu ƙwai shuɗi. Matsalata ƙyanƙyasa ce wallahi. Kazar gida nake sa wa ƙwan, kwana 21 na cika sai kaɗan su fito, sauran in na fasa sai in tarar tsako ya haɗu har da gashi amma ya mutu a ciki. Wani ya ce wai don zakaran da kajin duk suna da tukkun kunne ne, tsakon da ya gado ta uwa da uba ba ya rayuwa. To in na sa zakara mara tukku irin ba zai lalace ba? Ko dai zafin bazara ne kawai?