Gida na biyu a Dubai ko a Landan: shawarwari a zauren 'yan riɗi

Sabo Na Alhaji: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, ba tawa ba ce ta maigida ce, kun dai san shi. Yana da fulat ɗaya a Dubai shekara uku kenan, to tunda aka gama cinikin riɗin bana ejan ya hana shi sakat da waya wai ya ƙara na biyu, shi kuma hankalinsa ya fi karkata Landan saboda yaronsa na can yana karatu kuɗin haya na cin su. Baƙo zai iya riƙe gida fiye da ɗaya a waɗannan wuraren? Kuma harajin fa ya yake? Wanda ya sani ya taimaka, ranar Asabar yake son ba su amsa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara buɗi

Ɗan Autan Gumel: Amin. Mu dai Allah ya ba mu na kwanon rufi tukuna

Injiniya: Dubai ba su ƙayyade maka adadi ba, ko goma kake so saya, amma a unguwannin da aka ware wa baƙi kawai irin su Marina da JVC da International City. In ka saya za ka biya hukumar filaye kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gidan, ejan kuma yawanci kashi 2. Wato gidan dirhami miliyan ɗaya ka tanadi wata dubu 60 a gefe kafin ka karɓi makulli. Kuɗin haya kuma ba a cire wa mutum harajin shiga a kai.

Sabo Na Alhaji: To ai da sauƙi kenan

Alhaji Mudi Hadeja: Sabo kada ka ce da sauƙi. Tsaya in ba ka nawa labarin, don ni na sha kuma har yau ina jin ɗacinsa a baki.

A 2019 na sayi ɗaya ta tafi daidai, ana turo min ɗan abin da ya samu, sai zuciya ta ce ƙara. A 2021 wani yaro ejan mai zaƙin baki ya kai ni wani ofis mai sanyi, aka kawo min gahawa da dabino, aka nuna min ginin a cikin gilashi ɗan ƙarami kamar abin wasan yara har da 'yan bishiyoyi da wurin wanka, a lokacin ko tushe ba a gama ba, aka ce biya kaɗan kaɗan. Na sa hannu a takarda shafi kusan arba'in ban karanta ko ɗaya ba wallahi, abokin tafiyata ne ya duba sama sama ya ce ba komai. To sai ga 2022 aka rufe wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, ba a buɗe ba sai tsakiyar 2024. Kusan shekara biyu gidana yana can ni ina nan Hadeja ba halin in je in gani da idona. Ga naira ta faɗi, kuma dirhami a ɗaure yake da dala, kowane biya da ya zo sai in ga ya ninka abin da na lissafa tun farko, sai da na sayar da shanu tara a Maigatari da gonar fadama ɗaya don kada in saɓa biya su riƙe wani kaso na abin da na riga na zuba.

Wannan duk bai kai sabis caji ciwo ba. Kuɗin kula da gini ne, lifta, masu gadi, shara, wurin wankan nan da ban taɓa tsoma ƙafa ba, duk shekara ake lissafa shi gwargwadon faɗin gidanka, kuma mai gida ke biya ko da ɗan haya ko babu. Na farkon ya yi wata bakwai ba kowa a ciki, wanda na bar wa amana bai faɗa min ba, takardu suna ta taruwa. Da na je sayarwa aka ce ba za a ba ni takardar amincewa ba sai na biya bashin nan kaf. Na tsaya a gaban kantar ina riƙe da fasfo hawaye na neman zubo min, mutum da girmansa.

Sannan ɗan hayar da ke cikin na biyun, ka san a can ba ka isa ka ce masa tashi wata mai zuwa ba kamar yadda muke yi a nan. In sayarwa za ka yi ko kai za ka shiga sai ka ba shi notis na wata 12 a rubuce ta hanyar hukuma, ƙarin kuɗin haya ma akwai ma'aunin da gwamnati ta sa ba yadda ka ga dama ba. Ni ban ce kada Alhaji ya saya ba, amma ya tambayi sabis caji na shekara nawa ne kafin ya tambayi kuɗin gidan, kuma in ginin da ba a gama ba ne kuɗinsa ya shiga asusun amana na aikin wanda hukuma ta sani, kada ya tura wa ejan a asusunsa ko da ɗan uwansa ne.

Malam Habu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji

Ɗan Autan Gumel: Shanu tara!! Kawu ai da ni ka ba su kiwo da yanzu sun zama ashirin

Jauro: Kai Babarbare ina ka san kiwo, a ba ka shanu ka kai su mahauta

Ɗan Autan Gumel: Bafillace ya ji an ambaci saniya ya farka daga barci

Admin: A dawo kan magana dan Allah

Barista: Yaya Sabo batun Landan ne ya fi ba ni tsoro, don a nan ne gida na biyu ke cizo. Ingila ba ta hana baƙo saya ba, amma akwai harajin sitam da ake biya lokacin saye. In kana da wani gida a ko'ina a duniya da darajarsa ta kai fam dubu 40, to wanda za ka saya ya zama ƙari, sai a ɗora maka kashi 5 a kan harajin da kowa ke biya, a baya kashi 3 ne, aka mayar da shi 5 a Oktoban 2024. In kuma ba mazaunin ƙasar ba ne kai, wani kashi 2 daban tun 2021. Ka lura na ce ko'ina a duniya, wato fulat ɗin Dubai ya shiga lissafi, gidansa na Kano ma in ya kai kuɗin ya shiga. Na buga maka misali, fulat na fam dubu 300, harajin asali fam dubu 5 ne, ƙarin kashi 7 ɗin kuma dubu 21, jimla dubu 26 kafin kuɗin lauya. In ya sa haya, ejan zai cire kashi 20 daga abin da ya rage na kuɗin hayar bayan an fitar da kuɗin hidimar gidan ya miƙa wa hukumar haraji sai dai in ya nemi izini a ba shi cikakke shi ya riƙa cike takardar haraji duk shekara. Ran da ya sayar kuma kwana 60 gare shi ya kai rahoto ya biya harajin riba.

Sabo Na Alhaji: Fam dubu 26 haraji kawai? Barista wannan ai kuɗin tirela ne na riɗi

Barista: Ban ma zo kan babban ba. Harajin gado. Gidan da ke Ingila in mai shi ya rasu, duk abin da ya haura fam dubu 325 gwamnati na ɗaukar kashi 40, ba ruwansu da cewa a Jigawa yake zaune. Gidan dubu 500 kenan dubu 70 ta tafi kafin magada su ga ko sisi.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallahi, marayu fa?

Injiniya: To ya saya da sunan yaron mana tunda shi yana can kuma ba shi da wani gida

Barista: Zai iya rage harajin saye in yaron ya cika kwanakin zama, amma fa gidan ya zama na yaron a doka, ba na Alhaji ba. Alhaji 'ya'ya nawa gare shi?

Sabo Na Alhaji: Goma sha bakwai, ɗaki uku

Malam Liman: To a nan nake so a yi hattara. Kyautar da uba zai fifita ɗa ɗaya da ita a bar sauran, Annabi SAW ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. In kuma ba kyauta ba ce amana ce, to a rubuta a sa shaidu tun yana raye, sauran ɗakunan su sani. Rigimar gado nawa muka zauna a kanta a garin nan a kan gona kadada biyu, balle gida a Landan. Sannan in da bashin banki mai ruwa za a cika kuɗin, wannan kuma kun san hukuncinsa ba sai na faɗa ba.

Malam Habu: Allah gafarta Malam zakkar irin wannan gidan fa?

Malam Liman: Gidan haya ba a fitar da zakka a kan ginin, a kan kuɗin hayar ne in ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin arba'in. In kuwa an saya ne don a jira ya yi tsada a sayar, ya zama haja, hukuncinsa daban.

Sarkin Noma: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Mutum ya samu kuɗinsa a riɗin Maigatari da Gumel da Malam Madori, guminmu ne, sai a kwashe a kai wa Larabawa da Turawa su kuma su yanka haraji. Injin gyaran riɗi nawa kuɗin nan zai kafa? Yaranmu nawa ke zaune a tasha ba aikin yi? Har yau sai mun kai Dawanau ake tace mana kaya

Injiniya: Baba Sarki kuɗinsa ne fa, kuma mutum na gudun faɗuwar naira ne. Wanda ya ajiye miliyan ɗari a banki a farkon 2023 ka tambaye shi me ta zama yanzu a dala

Sarkin Noma: Ƙasa ba ta faɗuwa. Wa ya taɓa sayen fadama a Auyo ya yi kuka?

Alhaji Mudi Hadeja: Wanda ambaliya ta cinye wa shinkafa a 2022 ya yi kuka Sarki, ni shaida ne

Sarkin Noma: Ruwa ya janye gonar na nan. Kai da ka sayar da taka fa?

Admin: Haba dattawa. Baba Sarki wannan maganar ta yi zafi, a yi haƙuri a janye

Sarkin Noma: Na janye. Alhaji Mudi ka yafe ni, ciwon abin ne ya sa

Alhaji Mudi Hadeja: Ba komai wallahi, gaskiya ka faɗa

Hajiya Mai Atamfa: Ni da Alhaji zai ji tawa da Makka ko Madina ya nufa, ko ba komai ka samu wurin sauka da azumi. An ce yanzu sun buɗe

Barista: Eh Hajiya sun yi sabuwar doka a 2025 ta fara aiki Janairun 2026, baƙo zai iya saya a wuraren da gwamnati ta ware, Makka da Madina kuma Musulmi kaɗai kuma da sharuɗɗa na musamman. Akwai harajin cinikin gida kashi 5. Abin da zan roƙa kada kowa ya sake ya bi tsohuwar hanyar nan ta saya da sunan ɗan ƙasa.

Jauro: Wannan ita ta cinye ƙanin babana. Shekaru ya yi a can yana tara kuɗi, ya sayi ɗaki biyu da sunan wani Balarabe da suka yi zaman mutunci, mutumin kirki ne har ya rasu bai ci masa ko riyal ba. 'Ya'yan ne da suka zo rabon gado suka ce su takarda suka gani da sunan ubansu. Ina zai kai ƙara, shi kansa abin da suka yi laifi ne a dokar can. Da jaka ɗaya ya dawo, yana nan Ringim yanzu ido ya tafi

Malam Habu: Allah sarki

Ɗan Autan Gumel: Masar fa? Yaranmu da yawa na Alƙahira karatu kuma an ce gida da araha

Barista: Tsohuwar dokarsu ta 1996 gida biyu ta yarda wa baƙo, kuma ba zai sayar ba sai bayan shekara biyar. A 2023 gwamnatinsu ta sanar za ta sassauta wa mai biya da kuɗin waje. Duk mai so ya sa lauyan can ya duba masa rajistar gidan kafin ya ba da ko fam ɗaya, gidaje da yawa a can ba su da cikakkiyar rajista.

Injiniya: Abu ɗaya da zai sa in ce Alhaji ya ƙara a Dubai, in jimlar gidajensa ta kai dirhami miliyan 2 zai iya neman bizar zama ta shekara 10, abin da ya samu Alhaji Mudi na rashin shiga sai ya zo da sauƙi

Malam Habu: Wai nawa buhun riɗi ya tashi ranar Alhamis? ban samu shiga kasuwa ba

Jauro: Ya ɗan sauka, zoɓo ne ya motsa

Sabo Na Alhaji: Na gode ƙwarai jama'a, na karanta masa duka yanzu bayan la'asar. Da na zo wurin harajin gado shiru ya yi ya ce in maimaita. Sai kuma ya ce in tambayi Barista, ashe na Dubai ɗin ma ba sunansa kaɗai ke kan takardar ba, su biyu ne da abokin cinikinsa na Dawanau wanda ya rasu bara, kuma iyalan mamacin ba su san da gidan ba

Malam Liman: Sabo ka ce masa ina nan zuwa gidan bayan isha'i

Barista: Ya nemo takardar mallakar da fasfo ɗin da ya saya da shi, ka ɗauko min hoto gaba da baya ka turo ta gefe, kada ka sa a zaure. Maganar Asabar kuma ya ce wa ejan ya dakata.