Nutso da tukunyar iska: shawarwarin da aka bayar a Yawuri

A wata hira da aka yi a Yawuri, an jaddada cewa iya su irin na Argungu bai wadatar ba, nutso da tukunyar iska, wato wadda ake goyawa ana shaƙa a ƙarƙashin ruwa, sai da malami. Sabon koyo kada ya wuce zurfin mita 18, iyakar masu nutson nishaɗi kuwa mita 40. Daga wajen mita 30 naitrojin da ke cikin iskar da ake shaƙa kan bugar da mutum har ya manta duba ma'aunin iskarsa, alhali a can ta fi saurin ƙarewa.

Ni hawowa ta fi damuna. A taso a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kada a riƙe numfashi, huhu na iya fashewa. Ruwan Neja ga duhu ga igiyar ruwa, kada kowa ya shiga shi kaɗai.