Wace hita zan saya kafin hunturu?

Maman Biyu: Salama jama'a, a Yelwa nake nan Bauchi. Sanyi ya kusa, yara kuma da asuba suke wanka saboda makaranta, na gaji da hitar nan ta tsomawa a bokiti, wallahi tsoro take ba ni. Mai tanki zan saya ko mai dumamawa nan take? Tsohuwar kuma bola zan jefa ta?

Ɗan Wunti: Hajiya mai tanki dai. Ta nan take tana jan wat 3,000 ko fiye, kuma sai da wuta a lokacin wankan, ita ko mai lita 30 wajen wat 1,500 ce, idan aka kawo wuta da dare ta yi zafi ruwan zai kai safe da ɗuminsa. Amma don Allah a samu ƙwararren mai wayarin ya sa mata wayar ƙasa, ruwa da lantarki ba wasa.

Antin Fadama: Kar ki jefar, 'yan gwangwan suna saye. Ni har robobin ruwa da gwangwanayen madara ware su nake a buhu daban, ledar fiyawata ma bana bari ta shiga kwata, ita ke toshe mana lambatu da damina.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Nawa mai lita 30 take yanzu a kasuwar Muda Lawal?